ZARE: Tarihin ƙafar gaban mota, daga keken doki zuwa Fijon Kaduna, da abin da ya sa ake iya gyara ta a ƙofar gida

1/ Kowa ya san hoton nan: mota ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta gefe guda, direba ya ɗora hannu a ka. Sai ka ji ana cewa “ai ƙafa ce ta cire”. Yau tarihin ƙafar nan zan kawo muku: wa ya ƙirƙiro ta, me ya sa aka yi ta haka, kuma ya aka yi ta zama abin da mutum zai iya kwancewa a gida. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Na daɗe ina gyaran ƙafar motata da hannuna, kuma garin haka na shiga bin tarihinta. Abin da na gano shi ne: irin ƙafar da ke gaban yawancin motocinmu, an ƙirƙiro ta ne don motar talaka ta yi araha. Arahar ce ta zo mana da sauƙin kwancewa. Amma sauƙin nan yana da wuraren da yake kisa. Duka biyun za mu taɓa.

3/ Da farko, mece ce “ƙafa”? Sifirin ke ɗauke da nauyin mota. Shokozoba ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami. Lowa am shi ne hannun ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa. Boljoyin gaɓa ce mai juyawa, kamar ƙugun mutum. Tayarod ke kai wa taya saƙon sitiyari. Bushi kuma robar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

4/ Aikinsu duka ɗaya ne: taya ta zauna manne da ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Birkinka, kwanarka, ranka, duk a kan tafuka huɗun nan suke. Taushin da kake ji a kujera riba ce kawai aka ɗora maka a kai.

5/ Labarin ya girmi mota. A 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar sifirin na fallayen ƙarfe da ake jerawa ɗaya kan ɗaya. Da motoci suka fito, shi suka gada: sandar ƙarfe guda ta haɗa tayoyin gaba biyu, a ɗora sifirin a kai. Ku leƙa ƙarƙashin tifa ko tirela, har gobe tsarin nan ne.

6/ Ford Model T, wadda ta fito a 1908 aka kuma ƙera wajen miliyan 15, haka gabanta yake: sanda ɗaya, sifirin ɗaya a gicciye. Ko shokozoba ba ta zuwa da shi daga kamfani. Ga ƙarko, ga sauƙin gyara, maƙerin ƙauye ma zai iya. Matsalar ita ce in tayar dama ta hau dutse, ta hagu ma sai ta karkace, tunda sanda ɗaya ta ɗaure su.

7/ Muddin ana tafiya a hankali, ba komai. Amma a shekarun 1920 motoci suka ƙara gudu, aka koma tayoyi masu faɗi da taushi, aka kuma sa wa tayoyin gaba birki, suka ƙara nauyi. Sai wata cuta ta ɓullo: ana cikin gudu tayoyin gaba su kama kaɗawa dama da hagu, sitiyari na fizgar hannun direba kamar zai ƙwace.

8/ Maganin shi ne a raba tayoyin, kowace ta ji da raminta. Kamfanin Lancia na Italiya ya yi haka tun 1922 a motarsa Lambda. A Amurka kuma wani injiniya ɗan Ingila, Maurice Olley, da ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930, shi ya zauna ya yi wa matsalar lissafi da gwaji. A 1934 General Motors ta fitar da motoci masu rababbiyar ƙafa.

9/ Tsarin da ya yi nasara a lokacin shi ne mai hannu biyu: hannun sama, hannun ƙasa, taya a tsakani. Yana riƙe taya da kyau a kwana, har yau motocin tsere shi suke amfani da shi. Sai dai kaya sun yi yawa. Gaɓoɓi birjik, kowace na son giris, ga nauyi, ga cin wuri, ga tsada. Babbar mota za ta ɗauka. Ƙaramar mota fa?

10/ Nan Earle MacPherson ya shigo. Ba'amurke ne, an haife shi a 1891. A 1945, Yaƙin Duniya na Biyu na ƙarewa, Chevrolet ta ba shi aikin ƙera ƙaramar mota mai suna Cadet da za a sayar ƙasa da Dala 1,000. Wato an ce masa: rage kaya, rage nauyi, rage kuɗi, amma mota ta tafi daidai.

11/ Dabararsa: tunda dole a sa shokozoba, me zai hana a ƙara masa kauri ya zama shi ne ginshiƙin ƙafar? Sai a zura shi cikin sifirin mai murɗi, kansa ya ɗaure a jikin mota daga sama, gindinsa ya riƙe taya. Hannun sama ya tafi kenan. Ƙarfe ɗaya, aiki uku: ɗaukar nauyi, kashe tsalle, da juyawa tare da sitiyari.

12/ A 1947 General Motors ta soke Cadet, ta ga ribar ba za ta kai ba. MacPherson ya tattara ya koma Ford. A 1950 aka baje Ford Consul da Zephyr a Landan ɗauke da ƙafarsa. Kamfanin da ya biya kuɗin binciken ya saki, abokin hamayya ya tsinta. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

13/ Abin da ya ƙara yaɗa ta: da aka koma sa inji a gicciye yana jan tayoyin gaba, ana buƙatar fili tsakanin tayoyin, ita kuwa ƙafar MacPherson a tsaye take, ba ta tare wuri. Fiat 128 a 1969, Volkswagen Golf a 1974, daga nan kowa ya bi. Buɗe bonet ɗin Golf, Corolla ko Camry, za ka ga tudu biyu dama da hagu da notuna a kai. Kan ƙafar kenan.

14/ Toh, ya ta iso mana? Ta hannun Fijo. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960 da irin wannan ƙafa a gaba. Amma Peugeot ta yi abu biyu: ta bai wa ƙafar tazara mai tsawo ta hawa da sauka, kuma ita ke ƙera shokozobanta da kanta maimakon saye a waje. Sakamakon ya fito a Afirka.

15/ Tseren Safari na Gabashin Afirka yana cikin mafi wahala a duniya: taɓo, ƙura, duwatsu. A 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kacal suka ƙarasa, kuma 404 ce ta zo ta ɗaya. Ta sake ci a 1966, 1967 da 1968. A irin wannan hanya ƙarfin inji ba ya ceton ka in ƙafa ta gaza.

16/ Sai magajiyarta, 504, a 1968. Ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci Safari a 1975. A shekarar nan ta 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna, a Kakuri, ta fara haɗa motoci. Shekaru da dama ana ɗauko sassan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ku yi tunani: mota na zuwa a jirgi, gunduwa-gunduwa.

17/ Gwamnati ta mayar da Fijo motar ofis. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi Fijo. A tasha Fijo wagon ce ke jigilar garuruwa. A kasuwar ƙauye a-kori-kura ce ke ɗaukar buhuna da awaki da mutane a sama. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

18/ Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Idan gari duk mota iri ɗaya ce, ilimin gyaranta ma sai ya zama na kowa. Yaron gareji ya haddace kowane noti. Kayan gyara na nan a kowane lungu, kuma na wannan motar ya shiga waccan. Direba da kansa ya san ƙarar da ke nufin bushi da wadda ke nufin boljoyin.

19/ Kuma ƙafar Fijon lokacin an yi ta ne don a buɗe. Shokozobanta yana da babban noti a sama: a kwance, a zubar da tsohon mai, a canza robobin ciki, a zuba sabon mai, a ɗaure. Tsofaffin kanikawa da na zauna da su a Panteka ta Kaduna, in suna ba da labarin nan, kamar suna zancen wani abokinsu da ya rasu.

20/ Sai 1986 ta zo. Gwamnatin Babangida ta kawo SAP, aka karya darajar Naira. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya, bayan SAP labari ya juya. Masana'antar da ke sayo sassa daga waje da kuɗin waje, farashinta dole ya tashi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam.

21/ Wannan ya canza abu uku a ƙarƙashin motocinmu. Na ɗaya: mota na iso mana ƙafarta ta riga ta yi shekara goma ko fiye tana aiki. Na biyu: an auna ta ne da titin Jamus ko Amurka, mu kuma ga rami, ga burji, ga lodi. Na uku: maimakon iri ɗaya, yanzu iri ɗari ne, bakanike ɗaya ba zai haddace su duka ba.

22/ A lokaci guda kamfanoni suka koma rufaffun kaya. Shokozoba a like, ba wurin buɗewa. Boljoyin an cika shi da giris tun daga masana'anta, ba bakin ƙara masa. Sau da yawa bushi da boljoyin ma a jikin lowa am suke zuwa. Zamanin “a gyara” ya wuce, aka shiga zamanin “a canza”. Mu kuwa aljihunmu bai yarda ba, shi ya sa ake ta dabaru.

23/ Yanzu ga tambayar da na san kuna jira: me ya sa aka fi ganin tsofaffin Honda Accord, su Baby Boy da EOD, sun durƙusa? Amsar na cikin tarihin nan. Honda ta daɗe tana riƙe da tsarin hannu biyu a gaban Accord saboda daɗin tuƙi. Sai a ƙirar 2013 ta koma MacPherson. Civic ta riga ta komawa tun ƙirar 2001.

24/ A waccan ƙafar, sifirin na zaune ne a kan hannun ƙasa, don haka nauyin mota ta cikin boljoyin na ƙasa yake bi, yana jan sa kullum kamar zai zare shi. A MacPherson nauyin na bi ta shokozoba ya hau jikin mota, boljoyin riƙo kawai yake yi. Shi ya sa a ɗaya yakan daɗe yana ƙara kafin ya saki, a ɗayan kuwa in ya saki, taya ta kwanta.

25/ Kada a ce na ce motar ba ta da kyau. Tsarin lafiyarsa ƙalau in ana duba shi. Abin da ke faruwa: robar da ta rufe boljoyin ta yage, giris ya fita, ƙura da ruwan damina su shiga su cinye shi. Sai a sa jabu, ko a daddake tsohon da guduma a ce ya matse. Kuma masu Corolla kada ku saki jiki, naku ma yana cirewa in aka yi banza da shi.

26/ Kasuwar kayan ma hawa uku ce: sabo na asali mai tsada, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo jabu mai kyan kwali. Wani mai shago ya taɓa miƙo min boljoyin a kwali yana rantsuwa. Na ce, “Alhaji, a buɗe mu gani.” Da yatsa biyu nake juya shi, lagwai-lagwai. Sabon kirki da ƙyar yake motsi a hannu. Kowane kaya, a buɗe a gabanka.

27/ To tunda MacPherson ya rage kayan, me za ka iya yi a gida? Fara da bincike, kyauta ne. Ɗaga mota, kama taya sama da ƙasa ka girgiza: in akwai wasa, boljoyin ne ko boris. Kama ta dama da hagu: in akwai wasa, duba tayarod. Haska tocila: bushi ya tsage? Roba ta yage? Shokozoba na yoyon mai? Taya na cinyewa ta gefe ɗaya?

28/ Wuri na farko da ke kisa: jak. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Sai a kan ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, da ƙarfen tokare mota na musamman, an sa wa tayoyin baya waigi. Bulo yana fashewa ba sallama. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu.

29/ Wuri na biyu: sifirin. Ku tuna dabarar MacPherson, sifirin a matse yake a jikin shokozoba, noti ɗaya na tsakiya a sama ke riƙe da shi. Ƙarfin da ke ciki ya kai nauyin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance notin nan ba tare da abin matse sifirin ba, ƙarfe zai tashi kamar harsashi. Igiya ko waya ba sa wannan aikin, wallahi.

30/ Yadda nake yi: in kwance ƙafar gaba ɗayanta daga mota, notunan gefe na sama da manyan kusoshin ƙasa, ban taɓa na tsakiya ba. In kai wa mai abin matsewa ya musanya min shokozoba, in dawo in ɗaura. Aikin da ya fi haɗari na biya an yi min da kayan da ya dace, sauran na yi da kaina. Ba ragwanta ba ce, lissafi ne.

31/ Sauran ƙa'idojin da nake bi: shokozoba biyu ake canzawa tare, dama da hagu. Kan birki a rataye shi da waya, kada ya yi lilo a jikin tiyonsa. Kafin cire kan tayarod, ƙirga zagaye nawa ya fita, ka mayar da sabon haka. Notin da ke da fin, sabon fin za a sa masa, ba ƙusa ba. Lowa am da ya lanƙwashe ko ya tsage, ba wuta, ba walda. A canza.

32/ Ga wanda gareji da yawa ke tsallakewa: kusoshin bushi ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye. Sai nauyinta ya sauka a kan ƙafar. Dalili? Robar bushi murɗawa take yi, ba juyawa ba. In ka ɗaure ta taya na lilo, da an sauke mota ta riga ta murɗe, haka za ta zauna dare da rana har ta yage. Sai ka zagi mai kaya, alhali ɗauri ne.

33/ Daga nan kai tsaye wurin alaimen. Ƙirgen zagayen nan na kai ka can ne kawai. Kuskuren milimita kaɗan a saitin tayoyin gaba ya isa ya cinye sabbin tayoyi cikin 'yan watanni. A farashin taya na yanzu, kuɗin alaimen sadaka ne.

34/ In ka duba tarihin duka, nauyin kula da ƙafa sauka yake ta yi. Olley da MacPherson sun yi nasu a kan takarda. Zamanin Fijo, masana'anta na Kaduna, kaya na asali na kusa, bakanike ya san motar ciki da bai. Yau masana'antar da ta ƙera motarka ba ta san titin unguwarku ba, mai kaya na son ciniki, bakanike na fama da iri ɗari. Saura wa? Kai.

35/ Ban ce kowa ya sayi sifana ya shiga ƙarƙashin mota ba. Amma ko ba za ka taɓa noti ba, ka san sunayen kayan, ka tsaya a kan aikinka, ka ce, “Oga, nuna min wanda ka cire.” 'Yan uwa mata masu mota, ku ma haka. Bakanike na gari ba ya jin haushin tambaya, daɗi ma yake ji.

36/ Kuma in ka fara jin ƙwas-ƙwas a gargada, ko sitiyari na ja gefe, kada ka ƙara sautin rediyo. Kafin tafiyar Sallah, ba bayanta ba, a ɗaga motar a girgiza tayoyin. Minti goma ne.

37/ Nan zan tsaya. Wanda gidansu aka yi 504 ko a-kori-kura, ya ba mu labarinta, shekara nawa ta yi kuma ina ta ƙare. Kanikawan da ke nan, ku ƙara mana da abin da kuka gani a gareji. A tura wa duk mai tsohuwar mota. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai kowa gida lafiya. 🙏